Hankali Wuri Ɗaya

Aiki yana da yawa da damana. Kana noma, hankalinka yana kasuwa. Kana kasuwa, kana tunanin bashi. Ta nan asara take shigowa: hauya ta sare hatsi ta bar haki, mai awo ya mance tiya nawa ya zuba.

Ga dabara. Kafin ka kama aiki, tsaya. Ja numfashi sannu, sau 3. Dubi abin da ke hannunka. In tunanin gobe ya zo, kada ka bi shi. Maido hankalinka ga aikin da ke gabanka. Ko wajen alwala, ji sanyin ruwa a hannunka.

Taura biyu ba ta taunuwa. Gama wannan, sannan ka kama wancan.