Tumatir na numfashi a kan hanyar Legas

Tumatirin da aka tsinka a gonakin Kadawa da Kura na Jihar Kano yana ci gaba da numfashi a cikin kwando. Yana shaƙar oksijin, yana fitar da zafi da iskar etilin mai gaggauta nuna. Kafin mota ta ci kusan kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas, na ƙasan kwando ya yi laushi, asarar kuwa a kan manomi da ɗan kasuwa take faɗawa.

Tun a shekarun 1920 masana biyu a Ingila, Franklin Kidd da Cyril West, suka nuna cewa tuffa tana daɗewa idan aka rage mata oksijin. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da shi kashi 21 cikin 100. A kwantena ko ledar da aka liƙe, akan sauke wa tumatir shi zuwa kashi 3 zuwa 5, numfashinsa ya lafa. Da irin wannan dabara ayaba ke tsallaka teku daga Ekwado zuwa Turai tana ɗanya.

Sai dai dabarar tana da sharaɗi. Zafi yana ƙara numfashi, kuma idan oksijin ya ƙare a cikin leda, tumatir tsami yake yi. Ɗanyensa yana buƙatar sanyin kusan digiri 13.

Saboda haka, jami'in da aka kawo wa takardar sayen irin wannan ƙunshi ya fara tambaya: ina motar sanyi, kuma wa zai biya kuɗin manta har Legas?