Cocin Bezile: Tsohon Gini da Hannun Sabon Magini

A kan wani tudu a yankin Burgundi na ƙasar Faransa akwai ƙauyen Bezile, wanda cocinsa ya fi shi suna. Ginin irin na salon Rumawa ne: katangu masu kauri, tagogi ƙanana, da bakuna masu zagaye da ke ɗauke da rufin dutse. An sake gina babban zaurensa bayan gobarar 1120, wadda ta halaka ɗimbin masu ziyara.

Abin da ya tara wa wurin jama'a da dukiya shi ne imanin cewa ƙasusuwan Maryamu Magadaliya na nan. A 1146 Bernard na Clairvaux ya yi wa taro huɗubar fita yaƙin Salibi na biyu a wannan tudu. A 1190 kuma sarkin Ingila Richard da na Faransa Philippe suka haɗu a nan kafin su nufi Salahuddin, wanda ya karɓe Ƙudus a 1187. Amma a 1279 aka ce an gano kabarin Maryamu na gaskiya a kudancin Faransa. Masu ziyara suka juya akala, kuɗi ya ƙafe. Yaƙe-yaƙen addini da juyin juya halin Faransa suka ƙarasa abin da talauci ya fara.

Da Prosper Mérimée, mai duba gine-ginen tarihi na gwamnati, ya iso a 1834, duwatsu na faɗowa daga rufi. A 1840 aka damƙa aikin gyaran cocin ga Viollet-le-Duc, saurayi ɗan shekara 26. Kusan shekara ashirin ya yi a kai. Ya sake tayar da dogaran da ke tokare bango, ya ceci rufin, kuma wannan babu mai musu. Sai dai bai tsaya nan ba. Wasu sassan rufin da magina na baya suka yi da baka mai tsini, ya rushe su ya mayar da su masu zagaye, don ginin ya dace da yadda yake ganin ya kamata. Sassaƙar da ke saman ƙofar waje ma sabuwa ce ta ƙarni na 19.

A ganina a nan ya wuce gona da iri, domin waɗancan bakuna masu tsini su ma tarihi ne. Yarjejeniyar Banis ta 1964 ta zo ta ce a mutunta abin da kowane zamani ya ƙara, sabon aiki kuma ya bambanta da tsoho. UNESCO ta sa Bezile cikin kayan tarihin duniya a 1979, da gyare-gyarensa duka.