Raini a Cikin Aure: Binciken John Gottman

A shekarar 1986 masanin halayyar ɗan Adam John Gottman ya buɗe ɗakin bincike kan zaman aure a Jami'ar Washington da ke Seattle, a Amurka. Tsarin da ya ɓullo da shi tare da abokin aikinsa Robert Levenson ba shi da wuya: a zaunar da miji da mata, a maƙala musu na'urar auna bugun zuciya, a kunna kyamara, a ce su tattauna matsalar da ta daɗe tana haɗa su na minti 15. Bayan shekaru sai a bi sawu, a ga wane aure ya ɗore, wanne ya mutu.

Sun gano cewa fushi kaɗai ba ya raba aure. Ma'auratan da suka zauna lafiya su ma suna faɗa, amma ko a tsakiyar gardama, kowace magana mai zafi ɗaya tana samun kusan biyar masu sanyi: murmushi, raha, amincewa da gaskiyar ɗan'uwa. Halaye huɗu ne Gottman ya ce suna cin aure: sukar mutum maimakon sukar abin da ya yi, kare kai da musu, yin kunnen uwar shegu, sai raini, wanda ya fi su duka illa. Raini shi ne harara, ba'a, murguɗa baki, duk abin da ke ce wa abokin zama "na fi ka". Mai fushi har yanzu yana neman a saurare shi. Wanda ya raina ya riga ya yanke hukunci.

Shirun mai kunnen uwar shegu ma yana da tushe a jiki. Idan bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya, mutum kan kasa sauraro, shi ya sa Gottman ya ba da shawarar a tsagaita kamar minti 20 kafin a koma kan maganar.

Sai dai an zuzuta iƙirarin cewa Gottman zai iya hasashen saki da daidaito sama da kashi 90 cikin ɗari. A 2001 Richard Heyman da Amy Smith Slep sun nuna cewa irin wannan lissafi yakan yi rauni sosai idan aka gwada shi kan sababbin ma'aurata. Kuma yawancin waɗanda aka nazarta Amurkawa ne. A gidan Bahaushe, matar da ta sunkuyar da kai ta yi shiru tana iya kasancewa kunya take ji, kuma mai duba kyamara daga Seattle zai iya rubuta ta cikin masu kunnen uwar shegu.