Tangaran Ɗin Hannu Na Ƙasar Sin: Kyauta Mai Daraja Da Ba Ta Ƙarar Da Aljihu

A shekarar 2014 an yi gwanjon wani ɗan ƙaramin kofin tangaran a birnin Hong Kong, wanda bai cika tafin hannu ba, mai zanen zakara da kaza da 'yan tsaki. Wani attajirin ƙasar Sin mai suna Liu Yiqian ya saye shi a kan kuɗin da ya kai dala miliyan 36. Irin wannan labari shi ke sa mutane da yawa su ɗauka tangaran ɗin Sin na ainihi sai sarakuna da masu hannu da shuni. Alhali abin da ya sa wa kofin nan tsada shi ne shekarunsa da tarihinsa, domin an yi shi ne don fadar Sarki Chenghua a ƙarni na 15, kuma irinsa kaɗan suka rage a duniya. Garin da aka gasa shi yana nan, har gobe ana yin sababbi da hannu, kuma mai matsakaicin ƙarfi na iya saye ya yi wa ɗan'uwa kyauta a lokacin Sallah ko Kirsimeti ko biki.

Sunan garin Jingdezhen, a lardin Jiangxi da ke kudu maso gabashin Sin. Ya sami wannan suna a shekarar 1004, zamanin daular Song. Arzikinsa a ƙasa yake: akwai wani farin dutse da ake dakawa ya zama gari, akwai kuma farar ƙasa irin wadda a da ake haƙowa a ƙauyen Gaoling. Idan aka kwaɓa biyun aka gasa a tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,300, sai dutsen ya narke ya zama kamar gilas, farar ƙasar kuma ta riƙe siffar kwanon don kada ya lanƙwashe. Shi ya sa tangaran ba ya tsotsar ruwa, ba ya riƙe warin miya, kuma yana da ƙarfi duk da rashin kaurinsa.

Shuɗin zanen da aka san shi da shi ya bunƙasa ne a ƙarni na 14, zamanin daular Yuan, da ma'adinin kobal da fatake ke kawowa daga Farisa. Tun farko ƙasashen Musulmi na cikin manyan masu sayensa. Fadar Topkapi da ke Istanbul na ajiye da sama da guda 10,000, an tono ɓaraguzansa a tsofaffin garuruwan Kilwa da Gedi a gaɓar gabashin Afirka, kuma a zamanin Sarki Zhengde, daga 1506 zuwa 1521, an yi kwanuka masu rubutun Larabci da Farisanci. Turawa sun daɗe suna neman sirrinsa, ba su dace ba sai wajen 1708 a Jamus, inda aka buɗe masana'antar Meissen a 1710.

To, ta yaya abu mai wannan tarihi zai yi araha? Amsar tana cikin yadda ake aikin. Wani masani mai suna Song Yingxing ya bayyana a littafinsa na 1637 cewa kofi ɗaya na bin matakai 72 kafin ya kammala. A Jingdezhen kowa da nasa fanni. Wani aikinsa gina kwano a kan faifai mai juyawa, wani ya kankare shi da wuƙa har ya yi siriri, wani ya zana layin fure, wani ya cike launi, wani ya tsoma shi a ruwan sheƙi, wani kuma ya kula da wuta. Wanda ya yi shekara ashirin yana zana ganye zai zana shi cikin ƙiftawar ido, kuma ya fito da kyau. Ban da wannan, ƙaramin magini ba ya bukatar tanderun kansa, domin akwai na haya inda zai biya kuɗin gurbin da kayansa suka ci kawai. Bayan manyan masana'antun gwamnati sun durƙushe a shekarun 1990, ƙananan shaguna suka maye gurbinsu, ɗaliban jami'ar koyon tangaran ta garin da matasa baƙi suka cika kasuwanni irin su Taoxichuan, wadda a da masana'anta ce. Aikin matashin da bai yi suna ba tukuna, da ƙasa ɗaya da wuta ɗaya aka yi shi da na mashahurin gwani. Suna ne kawai ba ka biya ba.

Sai dai a yi hattara, ba duk abin da aka rubuta wa “aikin hannu” ne aikin hannu ba. Yawancin tangaran da ke cika kasuwa na zubi ne, adonsa kuma sitika ce aka manna aka gasa. Ba laifi ba ne a saye shi, laifin shi ne a biya masa kuɗin na hannu. Ga yadda za ka bambance. Ka ɗauki kofi biyu masu ado ɗaya ka jera su: idan kowane ganye ya zo daidai da ɗan'uwansa ba ƙari ba ragi, sitika ce. Ka matso da ɗaya kusa da ido: zanen hannu yana da duhu a inda burushi ya sauka, ya yi haske a inda ya tashi, na sitika kuwa sau da yawa ƙananan ɗigo-ɗigo ne a jere. Ka kife shi ka duba gindin, inda babu ruwan sheƙi. A nan ake ganin farin ƙasar da sawun wuƙar mai kankara. Ka haska fitilar wayarka a ciki: tangaran mai siriri haske na ratsa shi. Sannan ka ɗora shi a tafin hannu ka ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye zai yi ƙara mai zaƙi da tsawo, mai tsaga kuwa sautinsa a dushe yake. Kada rubutun sunan wani tsohon sarki a gindin kwano ya ruɗe ka, domin an saba sa shi a sababbin kaya.

Akwai kuma batun lafiya. Shuɗin zane ana yin sa ne a ƙarƙashin ruwan sheƙi, saboda haka ba ya taɓa abinci. Launuka masu ɗaukar ido, irin su ja da ruwan hoda da rawaya, galibi a sama ake zana su a sake gasawa da wuta mai sauƙi, kuma wasunsu na iya ƙunsar dalma, wadda abu mai tsami kamar zoɓo ko kunun tsamiya ke iya narkarwa. Idan ka shafa cikin kwano ka ji tudun zane, bar shi ya zama na ado. Na ci da sha, zaɓi mai shuɗin zane ko fari fat irin na garin Dehua, ko mai ruwan ganye irin na garin Longquan.

Sauran aiki shi ne tunanin wanda za a ba. Sinawa kan ba da kyauta bibbiyu, suna guje wa huɗu, kuma adon na ɗauke da fatan alheri: kifi na nufin yalwa, gora kuma juriya. Dattijo mai shan shayi, kofi ɗaya mai murfi ya ishe shi. Amarya, kwano biyu masu kyau za su fi fitowa a jerenta fiye da dozin na zubi. Wanda ba ya son hoton abu mai rai, akwai masu zanen fure da ganye zalla. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou da Yiwu na iya taho da shi idan aka yi musu bayani dalla-dalla, a kuma roƙe su su naɗe kowane ɗaya daban don kada ya fashe a hanya. Idan za ka miƙa, ka faɗa wa mai karɓa inda aka yi shi da yadda aka yi, don ya san abin da ke hannunsa.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Turare zai ƙare, atamfa za ta koɗe, amma tangaran mai kyau, in dai bai faɗi ba, jikoki ma za su sha shayi da shi. Don haka, mai karatu, idan lokacin kyauta ya zo, ka rage yawa ka ƙara inganci, ka duba da kyau kafin ka biya.