Kafa Doka Daban, Aiki Da Ita Daban: Darasi Daga Ɗakin Fiɗa

Sanin kowa ne ba wuya gwamnati ta kafa doka a kan kiwon lafiya, ta buga takarda ta aika wa asibitoci. Inda gizo ke saƙar shi ne ko dokar za ta sauko daga allon sanarwa ta isa gadon majiyyaci. Saboda haka ne masana suka ɓullo da ilmin aiwatarwa, wato nazarin abin da ke sa sabon tsari ya karɓu a wani asibiti, a yi biris da shi a wani.

Ga misali. A cikin 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takarda mai tambayoyi 19, wadda ake karantawa da babbar murya a ɗakin fiɗa a lokuta uku: kafin a sa majiyyaci barci, kafin a sa masa wuƙa, da kafin a fitar da shi. Shin wannan ne mutumin? Wane gefe za a tsaga? An ƙidaya auduga da allurai, kada a bar wani abu a cikinsa? Da aka gwada ta a asibitoci 8, har da na London da New Delhi da Ifakara ta ƙasar Tanzaniya, sai mace-mace bayan fiɗa suka ragu daga mutum 15 cikin 1,000 zuwa mutum 8.

Ganin haka, lardin Ontario na Kanada ya wajabta ta a 2010. Amma binciken da aka buga a 2014 a kan asibitoci 101 bai sami wani ragi na a zo a gani ba, ko da yake asibitocin sun ce suna cika takardar a kusan kowace fiɗa.

To, ina aka kwana? A nan ne tsarin da Laura Damschroder da abokan aikinta suka wallafa a 2009 yake da amfani. Ya umarci mai bincike ya duba abubuwa biyar: sabon tsarin kansa, matsin da ke zuwa daga waje, halin da asibitin ke ciki, mutanen da za su yi aikin, da kuma hanyar da aka bi aka shigo da shi. Doka ɗaya ce kawai cikin biyar. Idan ƙaramar ma'aikaciyar jinya tana tsoron tsayar da babban likita ta ce masa ba a gama ƙidaya ba, to takardar ta zama ta cika-ka-ajiye.

A Jihar Karolina ta Kudu kuwa, ba tilas aka yi ba. An horad da ma'aikata, an jawo shugabanni a jiki, kowane asibiti ya gyara takardar daidai da bukatarsa. A asibitoci 14 da suka kammala shirin, an sami raguwar mace-mace, kamar yadda aka bayyana a 2017.

Mu ma a Nijeriya wannan darasi ya shafe mu. Tun 2017 akwai dokar da ta tilasta wa asibitoci su yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, amma ba a daina jin koke-koken iyalai ba. Ya kamata mahukunta su aika masu bincike su tambayi ma'aikacin da ke bakin ƙofa da tsakar dare: ya san dokar? Wa zai biya kuɗin maganin? Wa zai tsaya masa idan aka zo tuhumarsa? Sai an amsa waɗannan tambayoyi dokar za ta ceci rai.