Ba Asiri Ke Fasa Bindigar Toka Ba

Da an kawar da amfanin gona a ƙasar Malumfashi, Ƙafur da Bakori, an kai masara da auduga gida, sai maharba su sauko da bindigoginsu daga rataya. A irin wannan lokaci ne ake jin cewa adaka ta fashe a hannun wane, yatsu sun tafi. Kafin a kai shi asibiti, majalisa ta yanke hukunci: wai dabba mai ƙwari ya harba, ko kuwa wani ne ya yi masa jifa.

Wannan zance ba shi da tushe. Albarushi in ya kama wuta, iska ce mai zafi take cika bututu cikin ƙiftawar ido. In ta sami hanya ta gaba, ta tura harsashi ta fita. In ƙarfinta ya wuce abin da ƙarfen zai ɗauka, ta gefe take ɓullowa, daidai inda hannun hagu yake riƙe.

Masu cewa yawan albarushi shi ne nisan harbi, rabin gaskiya suka riƙe. Akwai iyakar da in an wuce ta, ƙarin ba ya ƙara nisan kirki, sai dai ya ƙara wa bututu wahala, ya ƙara dukan kafaɗa. Wanda ya fi wannan muni shi ne zancen da ke yawo tsakanin samari, wai garin da ke cikin harsashin zamani da albarushi duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Na zamani yana tara ƙarfin da bindigar toka ba a yi ta don shi ba, kuma ɗan kaɗan ya isa ya tarwatsa ta.

Abin da tsofaffin maharba ke faɗa kuwa, cewa a leƙa bututu kafin a ɗura, gaskiya ce tsantsa. Bindiga ta yi damina a jingine a kusurwar ɗaki, zanzaro ya shiga bakinta ya gina ɗakinsa na laka, ya bushe kamar dutse. Ko mutum ya dogara ta a ƙasa laka ta toshe bakin. Haka ma in ɗuri bai zauna a kan albarushi ba, aka bar fili a tsakani, ko aka manta aka ɗura sau biyu, duk suna iya fasa bututu. Shi ya sa mai hankali ke yi wa sandar ɗurinsa alama, ya san inda take tsayawa in bindiga ba komai a cikinta.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne "ai shekara goma ina harbi da ita". Tokar albarushi tana jan danshi, tsatsa na cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya kaiwa. A Ingila, tun 1813 aka kafa gidan gwajin bututun bindiga a Birmingham, inda ake gwada shi da ɗuri mai nauyi kafin a buga masa hatimi. Bindigar da aka haɗa da bututun famfo kuwa, babu wanda ya taɓa gwada ta.

Kuma bindiga takan yi gargaɗi. Shafa bututun da tafin hannu: in ka ji kumburi, ko ka ga tsaga a itacen, ko hayaƙi na fita ta gindi, ko kunama na komawa baya da kanta bayan harbi, aikinta ya ƙare. In kuma ka ja ta ƙi tashi, kada ka leƙa bakinta. Albarushi mai danshi yakan jinkirta sannan ya tashi.

Ɗan'uwa maharbi, in ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, laya ba za ta gyara ƙarfe ba. Ajiye ta, kada kuma ka sayar wa wani.