Mai Ɗaukar Ma'aikata da Kalmar Sirrinka

Ɗalibin da ya baro Gwandu ya yi karatu a jami'ar tarayya da ke Kalgo, wata rana zai zauna gaban mai ɗaukar ma'aikata. To, idan aka ce sai ya ba da kalmar sirrinsa ta Facebook fa?

Abin da ya wallafa a fili kowa na iya karantawa. Amma kalmar sirri tana buɗe har saƙonnin iyaye da abokai, alhali ba su ne suka nemi aikin ba. Jihar Maryland ta Amurka ta haramta wannan buƙata a 2012. A Nijeriya kuwa, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta buɗe ƙofar kai koke ga hukumar NDPC.